Ranar da Na Kai Yakuwar Gwaggo Ofishin Manoma

Ko na tsufa haƙora sun zube, ba zan taɓa mantawa da ranar da na ja Gwaggo zuwa ofishin manoma ba.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, ma'aikaciyar jinya, a gidanta na Bowie, can ƙasar waje, nake zaune lokacin ina digiri na biyu. A bayan gidan akwai wurin da take kira "gonata": layi huɗu na yakuwa, kuɓewa da 'yan tattasai. Duk kaka takan shanya zoɓorodo ta ƙulla wa matan garinmu mazauna can, daga Greenbelt har Woodbridge. A shekarar, ragowar wata guguwa da ta taso daga teku ta kwantar da komai cikin laka. Gwaggo ta tsaya bakin ƙofa da kofin shayi, har ya huce ba ta kurɓa ba.

Washegari na ji a rediyo cewa gwamnati na tallafa wa manoman da gobarar daji ko guguwa ta yi wa ɓarna.

"Gwaggo, kwantar da hankalinki, gwamnati za ta biya ki."

"Da gaske, 'yar nan?"

"Da kunnena na ji."

Na sauko da takardar neman tallafin daga intanet na cike (sharuɗɗan suna shafin baya, ƙanana ne, kuma ba su da daɗin karatu). Inda aka ce a bayyana asara an bar layi biyu. Ni kuwa na rubuta shafi uku, na ce jan karan yakuwa kamar yatsun da suka sha lalle, na ce iska ta zo ba sallama. Kafin magariba Gwaggo ta buga wa ƙawayenta kaf: "Ɗiyar yayana ta samo mana hanya, ai karatu ba ƙarya ba ne."

Muka yi tafiyar awa guda, ta ci leshi da ɗauri, turare na tashi. A ofishin muka tarar da maza masu takalman roba, laka har gwiwa. Wata dattijuwa mai fara'a ta karɓi takardarmu.

"Gonar eka nawa ce?"

Gwaggo ta amsa da Turancinta na asibiti: "Taku goma sha biyu, in ba ki buɗa ƙafa sosai ba."

"Kina sayar da amfanin?"

"Sayarwa? Allah ya sawwaƙe! Kyauta nake bayarwa."

Matar ta karanta shafukana uku tsaf, ta cire tabarau, ta ce tun da ta kama aiki ba ta ga takarda mai daɗin wannan ba, amma tallafin na waɗanda noma ne sana'arsu. A bayanmu wani tsoho yana riƙe da hoton gonar masararsa, ruwa ya shanye ta iya ganin ido. Ya leƙa hoton gonar Gwaggo da ke wayata, ya ce, "Ayya, kuɓewar ta yi kyau kuwa." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Gwaggo ko a jikinta, ta juya ta dafe ƙirji ta yi masa jaje irin na gida, har da tambayar iyali.

Muka shiga mota, Gwaggo ta ja muka kama hanyar gida. Ina ta tunanin abin da za ta faɗa wa ƙawayenta, hawaye na zubo min. Sai na ga kafaɗunta na rawa. Dariya take, har sai da ta faka gefen titi.

"Ministar noma! Kin kashe ni. Karanto min abin nan da Hausa in ji."

Na karanta ina jan hanci. Ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Gwamnati ba ta biya ba, amma ba a taɓa yi wa yakuwata kirari haka ba."

Tun daga ranar, duk takardar da ta shigo hannuna daga shafin baya nake fara karantawa. Sai dai na makaro: ko a gidan suna na shiga, sai wata ta ɗaga murya, "Ku matsa wa minista ta zauna!"