Yadda Za Ka Mayar Wa Makaranta Akuyarta Bayan An Cinye Ta

Idan kai ɗan aji biyar ne, kana cikin Ƙungiyar Matasa Manoma, an ba ka amanar akuyar ƙungiya lokacin hutu, kuma a halin yanzu akuyar nan ta rarrabu a cikin mutanen unguwarku, to kwantar da hankalinka, ka zo wurin gwani. Ni Arzika ɗan Maikuɗi, na unguwar Hausawa a Anacha, na bi wannan hanya a shekarar da aka ba ƙasa mulkin kai. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ba za a kore ka daga makaranta ba. Abin da zai same ka maimakon korar kuwa, sai mun je can.

Mataki na 1: Shiga ƙungiyar da ba ka san komai a kanta ba

Kowace Laraba bayan an tashi darasi, dole kowane ɗalibi ya je wata ƙungiya. Guji Sikawut, fareti ne cikin rana. Guji masu muhawara, Turancinka bai kai ba. Masu waƙa kuwa, ranar da Baba ya ji kana rera waƙoƙin cocin da suke rerawa, ranar za ka san yana da hannu.

Tafi wurin manoma. A can kowa ya ɗauka Bahaushe da igiyar dabba a hannu ake haifarsa. Kada ka gyara musu. Ni a Anacha aka haife ni, kuma duk sanin da na yi wa dabba, a rataye na san ta, don mahaifina fatauci yake yi zuwa mayanka. Amma in an tambaye ka, ka danna bayan akuyar, ka buɗe bakinta ka leƙa, ka ce "Hmm". Wannan "Hmm" ita ta riƙe ni shekara guda.

Akuyar ƙungiyarmu sunanta Madam. Baƙa ce, da farin tabo kamar bakin ludayi a gefen hagu, kuma irin gajerun nan ne na kudu, cikinta na neman taɓa ƙasa. Sakatariyarmu Edith, 'yar wata mai ɗinki, tana zuwa da tef ɗin uwarta duk Laraba ta auna tsayinta ta rubuta a littafi. Inci goma sha bakwai. Shekara ta zagayo, inci goma sha bakwai. Zan faɗa maka gaskiya ɗaya kyauta: ina son akuyar nan. Ita kaɗai ce a makarantar ba ta taɓa yi wa Turancina dariya ba.

Mataki na 2: Karɓi amana, sannan ka yi ƙarya a zaure

Da hutun ƙarshen shekara ya zo, malaminmu na ƙungiya, Malam Kure, mutumin kudancin Zariya ne kuma shi kaɗai ke jin Hausa cikin malamai, ya miƙo mini igiya ya ce, "Arzika, kai ne masani. Sati huɗu. Ka dawo mana da ita yadda ka karɓa."

Ja ta ka bi ta gefen Kasuwar Ochanja da ita, ka daure wa dariyar mata. Wannan ba komai ba ne. Babbar jarrabawa tana zauren gidanku, inda Baba ke zaune da abokan fataucinsa, mutanen da bijimin da ya kasa kafaɗarsu ba sa kallonsa sau biyu.

Ɗayansu zai ce, "Maikuɗi, wannan akuya ce ɗanka ya jawo ko mage?"

A nan kunnenka zai yi zafi. Kada ka tsaya tunani, tunani yana ɓata ƙarya. Ka ce, "Kyauta ce. Makaranta ta ba ni don na zo na ɗaya."

Na goma sha tara na zo, cikin talatin da ɗaya. Amma takardar sakamako da boko aka rubuta ta, kuma ni nake karanta wa Baba.

Ka sani, Baban nan ne ya ce mini ranar da ya kai ni makaranta, "Duk ranar da aka kawo mini ƙararka, ranar za ka tuɓe gajeren wandon nan ka biyo ni mayanka." Shi ne yanzu ya sunkuya yana shafa bayan Madam, ya kasa ɗagowa ya dubi abokansa. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba, ban kuma taɓa jin tsoro irinsa ba.

Mataki na 3: Manta cewa an yi haihuwa a gidanku

Masana sun ce kafin ka shigar da dabba gida, ka fara tambaya ko akwai mai jego. Masanan ni ne, kuma bayan abin ya faru na faɗa.

Innata ta haihu, saura kwana biyar suna. Ranar suna da safe, bayan an shafa fatiha, za a aike ka can gefen kogi ka ɗauko manyan tukwanen aro. Je ka, kada ka yi sauri, tsaya ka kalli jirgin fito. In ka dawo da azahar, manyan baƙi sun watse, za a miƙo maka kwano. Ci. Nama ne mai laushi, ba irin na ragon suna ba. Nemi ƙari. Ni sau biyu na nema.

Sai ka zagaya bayan gida da ɓawon ayaba a hannu, ka tarar da igiya a turke, ba kowa a bakinta.

Baba zai same ka a nan, fuskarsa cike da fara'a, ya ce, "Na ce abin da boko ya fara kawowa gidan nan, kowa ya ɗanɗana albarkarsa. Har na sanar a gaban jama'a."

Ka ce, "Madalla, Baba." Riƙe cikinka har ya wuce.

Mataki na 4: Kai kukanka inda za a yi maka dariya tukuna

Kada ka je wurin Inna, tana jego. Kada ka je wurin Baba, sai in kana marmarin wanke tumbi har tsufanka. Shiga ɗakin kakarka.

Tawa sunanta Hajo. Na faɗa mata komai, har da na goma sha taran. Ta yi dariya sai da ta share hawaye da gefen zane.

"Ashe mijin nawa ɓarawo ne, kuma daƙiƙi," in ji ta. "To yanzu me kake so?"

Na ce ta raka ni kasuwa mu nemo baƙar gajeruwa mai kama da Madam.

Dariyar ta tsaya. "Amanar makaranta guda, a ce gidan Maikuɗi ya mayar da wannan guntuwar? A bakin duniya? Ba da ni ba."

Na yi bayani, na sake yi, cewa kamar ake nema, ba kyau ba. Hajo ba ta san wannan lissafin ba. A garinsu in ka ci amanar mutum, da abin da ya fi nasa kake biya, magana ta ƙare. Ta fita ta kwanto jar akuyarta, wadda ta taho da ita tun daga ƙasar Sakkwato a bayan mota, wadda nononta take dama fura da shi kowace safiya. Doguwa, ja wur, ƙafafu kamar na barewa. Ta sa mini igiyar a hannu ba ta dube ni ba.

"Ranar komawa ka fita da ita ta baya," ta ce. "In ubanka ya tambaya, na ce na gaji da kiwo."

Mataki na 5: Kada ka shafa mata gawayi

Na san za ka yi tunanin haka, don ni ma na yi. Gawayi da man ja ba ya zama a jikin akuya. Yana zama a jikin zannuwan jegon da aka shanya, in ta je ta goga. Wuce wannan matakin.

Maimakon haka, shirya bayani. Tsayi: kanwa, dusa da harawa, sirrin kiwon Arewa. Launi: kanwar ce dai, in ta yi yawa tana fitowa ta gashi. Farin tabo: ya warke. Maimaita har ka fara yarda da kanka.

Mataki na 6: Tsaya da ƙafarka a gaban tef

Larabar farko, ja akuyar ka shiga filin ƙungiya kana fito. Yara za su yi da'ira. Edith za ta matso da littafinta.

"Arzika, na wetin bi dis?" ta tambaye ni da Turancin buroka, wato mene ne wannan, tana nuna akuyar da fensir.

Na ce, "Madam."

Ta kira, "Madam, Madam." Akuyar ko kunne ba ta karkaɗa ba, don Hausa kaɗai take ji. Edith ta durƙusa ta auna. Inci ashirin da shida. Ta sake aunawa. Ta miƙe ta ce wurin hedimasta za ta tafi, kuma kowa ya san hukuncin ɓarawo a makarantar: a buga ƙararrawa, a tara yara, a raka shi bakin ƙofa.

Sai ga Malam Kure. Ya dubi akuyar daga ƙaho har kofato, ya ce a bar masani ya yi bayani.

Yi bayaninka. Ni na yi minti goma a kan kanwa. Ya saurara yana gyaɗa kai, har yana rubutawa. Da na gama ya ce, "Edith, aikin sakatariya ta rubuta abin da tef ya nuna. Rubuta ashirin da shida." Sannan ya juyo da Hausa, "Kai kuma same ni a aji."

A nan za ka ji kamar ka fi kowa wayo a ƙasar Gabas. Ji daɗinka sosai, daga nan zuwa aji taku arba'in ne kawai.

Mataki na 7: Kada ka kalli kujerar malam

Ni na kalla. An shimfiɗa mata sabuwar fata, baƙa, 'yar ƙarama, da farin tabo kamar bakin ludayi a gefen hagu.

Malam Kure ya zauna a kanta a hankali, ya gyara zama.

"Mahaifinka mutumin kirki ne," ya ce. "Shi da kansa ya kawo mini goron suna. Da na je, ya zaunar da ni kusa da liman, ya gode wa makaranta a gaban mutane, ya ce a jeme mini fatar. Naman ma ba laifi."

Na zuba wa gefen fatar ido.

"Ya riƙe hannuna ya ce, 'Malam, da gaske yaron nan ya fi 'ya'yan kowa?' Dattijo, idonsa ya kawo ruwa, jama'a na kallo. Na ce masa e." Ya ɗaga littafin sakamako ya ajiye. "Arzika, shekarata goma sha ɗaya ina koyarwa, ban taɓa yi wa uban yaro ƙarya ba sai a kanka. Ba zan kai ka wurin hedimasta ba, ba zan je gidanku ba. Amma kana da shekarar nan ka mai da ni mai gaskiya. Akuyar wa ka kawo mana?"

Na ce ta kakata ce. A nan ne na fashe da kuka, ba a maganar kora ba.

Mataki na 8: Biya

Babu dabara a wannan matakin, na neme ta ban samu ba. Za ka yi karatu har abokanka su ɗauka ciwo ne ya kama ka. Za a naɗa ka shugaban ƙungiya, kuma duk Laraba Malam zai fito da kujerarsa da fatarta, ya ce ka ƙara wa yara bayani a kan kanwa, Edith na kallonka ba ta ko ƙiftawa.

Da jar akuyar ta haifi biyu, Malam Kure ya ce ƙungiya ba ta da abincin baki uku, ya sa aka kai uwar da ɗa ɗaya gidanmu, wai ladan babbar mai ba da shawara. Hajo ta karɓa ta ce ashe 'yan boko ma suna da kunya.

Ƙarshen shekara na zo na biyu. Edith ce ta ɗaya, ta fi ni da maki huɗu. Malam Kure ya daɗe yana duban takardar, sannan ya ce, "To, ƙaryar tawa ta ragu saura kaɗan. Zan iya ɗaukar wannan." Ya janye fatar daga kujerarsa ya naɗe ya ba ni.

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora ba ruwansa da duk abin da ya biyo baya. In kakarka ba ta da akuya, in sakatariyarku ta fi Edith saurin ƙafa, in malaminku ba ya zuwa suna, kai ka sani, ni ban aike ka ba. Ba na karɓar ƙorafi a kan bulala, kora ko wankin tumbi.

Kuma kada ka tambaye ni ko na faɗa wa Baba. Har ya koma ga Allah, duk baƙon da ya zauna a zaurensa sai ya ji labarin akuyar da boko ya ba ɗansa, ni kuma ina gefe ina zuba musu ruwa. In ka matsa sai ka zo gidana da ƙorafi, ga tabarma nan ka zauna. Kujerar da ke da 'yar baƙar fata mai farin tabo, ba a zama a kanta.