Rasuwar Gwaggo, Laftof ɗin Batul, a Kashi Casa'in da Bakwai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malama Batul Sallau, jami'ar bayanai ta wata ƙungiyar manoma da ke Gombe, take sanar da rasuwar laftof ɗinta da aka fi sani da Gwaggo. Ta cika jiya Laraba da ƙarfe biyu da kwata na rana, tana tsakiyar fitar da sunayen manoman da za a kai wa irin masara. Motocin iri za su tashi ranar Asabar da safe, kuma duk ƙauyen da ba a ga sunansa ba, haka zai ga damina ta wuce shi.

Marigayiya mai haƙuri ce. Shekara takwas tana ɗaukar duk abin da aka ɗora mata, har bayanan suka kai layi miliyan huɗu. Kullum aka ce ta sabunta rahoto, sai ta faro tun daga manomin farko, har da waɗanda suka riga ta tafiya. Ikechi na ofis ya sha cewa a riƙa jawo na bana kaɗai, a zubar da ginshiƙan bayanan da ba mai dubawa. Batul ta ƙi. A ganinta goge sunan mutum rashin kunya ne.

Ciwon ya fara da zazzaɓi. Fankar cikinta ta dinga “fuuuu, fuuuu” kamar mai hawan dutse da kaya. Batul ta yi mata maganin da ta saba, ta jera ledar fiya wata shida masu ƙanƙara, ta ɗora ta a kai. Aikin fitar da sunaye ya kai kashi sittin cikin ɗari. Tamanin. Shugaban ƙungiya ya kira sau uku, ba a ɗaga ba. Ƙanƙara tana narkewa, ruwa yana shiga cikin Gwaggo, ba wanda ya kalli tebur, ido duk yana kan allo. A casa'in da bakwai Gwaggo ta ce “ƙit”, allo ya yi baƙi.

Ta rasu ta bar caja mai ɗaurin salatif, da maus mai ciwon gefe ɗaya, da filas ɗin adana bayanai da aka yi shekara biyu ana cewa gobe za a kwafe komai a ciki.

Gawa tana shagon Ifediora mai gyaran kwamfuta a Herwagana. Ya buɗe cikinta, ya girgiza kai, ya ce a sa haƙuri.

Za a yi zaman makoki yau da gobe a gidan su Batul da ke Manawashi, inda aka sauke buhu goma sha ɗaya na fom ɗin manoman bana. Maza a zaure, mata a tsakar gida. Kowa ya zo da bironsa. Mai ta'aziyya ya taƙaita, ya karɓi ɗauri guda ya zauna, kuma ba mai tashi sai ya gama kwafe sunayen manoman ƙauyen da ya faɗo masa.