Kaka Ta Ƙi Teku

"Lafiya lau na kwana, sai yanzu da na ga wuyanka ya riga sallamarka shigowa."

"To madalla. Ni da na ji bene shiru, na zaci an gama rabon gado, har na fara tunanin inda zan ajiye kwamfutar."

"Kwamfutar gidanku! Cire takalmi, mijin banza, mai zuwa wa mace hannu rabbana."

Haka Kaka ke tarbar Dogo duk safiyar Asabar, yau shekara huɗu ke nan. Ita tsohuwar nan shekara talatin da ɗaya ta yi tana buga tafireta a kotu, kuma ritaya ba ta kashe mata yatsu ba ko kaɗan. Shi kuwa jikanta ne, ɗan babbar 'yarta, safiyo mai yawo da sandar awo a filayen mutane. Shi ya jawo wa kansa, ranar da ya sa mata wani wasan gina daula a kwamfuta wai don ta rage zaman shiru. Wata uku ta yi tana koyo. A na huɗu ta ƙone masa birni ƙurmus, tana yi tana tambayarsa ko ya karya kumallo.

Wasan na bi-da-bi ne, kwamfuta ɗaya, kujera ɗaya. Idan ɗaya yana jan rundunarsa, sai ɗayan ya juya ya fuskanci bango don kada ya ga sirri. A wannan tsayuwar bangon Dogo ke sakin baki. Abin da ba zai iya faɗa ido da ido ba, rigimar wurin aiki ne, yarinyar da ta ce ya cika tsawo ce, duk bango yake gaya wa, Kaka na bayansa tana saurare tana kewaye masa gonaki da mahaya.

Ana nan sai masu wasan suka fito da wani ƙari na sayarwa: teku, tsibirai, jiragen ruwa, 'yan fashi. Duk wannan bai dame ta ba. Layi ɗaya ne a ƙasan tallar ya hana ta sakat, wai yanzu mutum biyu za su iya bugawa kowa daga gidansa. Jikokin Kaka goma sha ɗaya ne, kuma ta san ma'anar "daga gidansa" sarai. Goma sun riga sun koma murya a waya. Wannan na sha ɗayan shi kaɗai ya rage mai takowa, don haka ta ƙudura a ranta cewa tekun nan ba zai shigo mata ɗaki ba.

Dogo ya zauna a hannun kujera ya zaro waya.

"Uwargida, yau fa sai mun sayi ƙarin nan."

"Saya wa matarka ta waje. Ni ƙasa ta ishe ni."

"Teku ne fa guda."

"Kai da teku? Kai da na sa a baho kana wata bakwai, ka kurma ihu har maƙwabta suka zo tambayar wa ya rasu?"

"Ruwan ne da zafi. Tun lokacin kike neman rayuwata."

"Kuma har yau ban fasa ba."

"Ni na zaci za ki yi murna. Ai a gabanki aka haƙa tekun, kya ga ko sun zana shi daidai."

"A gabana aka haƙa, kakanka ne ya riƙe shebur. Shi ma rago ne irinka."

Dogo ya yi dariya ya shafa fuskar wayar. "Bari ki ji abin da masu bugawa ke cewa. Wannan ya ba shi taurari biyar. Ya ce tun da ya saya bai ƙara waiwayar tsohon ba."

"Ƙanin mai kamfanin ne."

"Wannan ta ce jiragen kamar ka miƙa hannu ka taɓa."

"Ta taɓa mana, ta jiƙe."

"Wannan ya ce yaƙin ruwa ya canza komai, dole ka tsare gaɓa, ka tsare hanyar fatake, ganuwa kaɗai ba ta isa."

"Ka ji ko? Ni da na shekara huɗu ina gina ganuwa, rana ɗaya a ce min ba ta isa. Kai kuma da kake auna ƙasar mutane da rana, ka kasa riƙe taku goma a wasa, yanzu ruwa za ka riƙe? Da me, da rariya?"

"Ai shi ya sa nake so. A ƙasa kin fi ƙarfina. Wataƙila a ruwa tsufa ya ja ki ƙasa."

"Tsufa ba ya nutsewa, yaro. Karanta na masu hankali, ka bar na 'yan amshin shata."

Ya gangara ƙasa. Gaskiya akwai masu ƙorafi. Wani ya ce kuɗin ya yi yawa a kan tsibiri shida, gara a jira ragi. Wani ya ce 'yan fashin sun fi kowa ƙarfi, duk wanda ya ɗauke su ya ci kafin a fara. Wani kuma ya ce jirginsa ya hau kan dutse ya zauna, kwana uku yana nan kamar kaza a kan ƙwai. Kowanne Dogo ya karanta sai Kaka ta buga cinya ta ce, "Yawwa! Ɗan halak!" Daɗi ya cika ta har ta yi abin da bai kamata ba.

"Gangara can ƙasa," in ji ta, "wajen masu tauraro ɗaya. Akwai wasu yara masu basira a wurin."

Dogo ya ɗago ya dube ta. "Ya aka yi kika san suna can?"

"Masu basira kullum a ƙasa ake barin su."

Ya gangara. Ya karanta. Sai kafaɗunsa suka fara rawa.

"Kaka."

"Na'am."

"Ji wannan. 'Zuwa ga wanda abin ya shafa. Ranka ya daɗe, ina mai baƙin cikin sanar da kai cewa ƙarin da aka ambata a sama bai cancanci saye ba, bisa dalilai kamar haka.' Ga kwanan wata a sama. Ga lambar takarda. Sa hannu, Wani Matashi."

"Ka ga yaro mai tarbiyya."

"A ƙasa kuma ya sa, 'Kwafi zuwa ga Manaja.'"

"To a ɓoye wa manaja?"

"Ga na biyu. 'Sakin layi na ɗaya: mai ƙara bai gamsu da launin ruwan ba.' Mai ƙara, Kaka! Sa hannu, Wani Matashi Daban."

"Matasa sun yi yawa a duniya, ni na haife su?"

"Na uku ya ce shi ɗalibi ne ɗan shekara goma sha tara, kuma tun da yake bai taɓa ganin lalacewa irin wannan ba, ko a zamanin da ake buga takarda da kabon."

Kaka ta gyara zaman tabarau. Wannan kam ta san ta yi ganganci, amma wanda ya shekara talatin da ɗaya yana kallon masu laifi suna musu a gaban alƙali ba ya rasa ta cewa.

"Yaron yana karanta tarihi."

"Kuma su ukun duka an rubuta a gefensu, bai sayi wasan ba."

"Sai ka ci guba kafin ka ce guba ce?"

"Tsohuwa, ki ji tsoron Allah! Kwana nawa kika yi kina wannan aikin?"

"Ni? Ni da ko kunna intanet sai ka zo?"

"Ke da kika canza min kalmar sirri sau biyu!"

Yana dariya har da hawaye, yana dukan hannun kujera, ya ce bari ya ga na huɗu, wanda ya sa hannu da Matashi Na Ƙarshe. Ya fara karantawa da muryar magatakarda, yana jan kowace kalma.

"'Dalili na ƙarshe. An ce wai kowa zai iya bugawa daga gidansa. Mai ƙara yana ganin wanda ke son wasa da mutum, ya tako ya zo inda mutumin yake. Matakala ashirin da biyu ce kawai.'"

Muryar magatakardar ta mutu a kan "kawai". Kunya ta rufe Kaka, irin wadda ba ta ji ba tun tana budurwa. Ta rubuta abin ne don baƙin duniya su karanta, ba ta taɓa kawowa za a karanta mata shi a tsakar ɗakinta ba.

"Wannan yaron," ta ce a hankali, "shi kam ya cika surutu."

Dogo ya ajiye wayar, ya tashi, ya je ya fuskanci bango, alhali ko kunna wasan ba a yi ba.

"An tura ni aikin wata madatsar ruwa," ya ce wa bangon. "Shekara biyu. Tafiyar kwana ɗaya da wuni ce daga nan, kuma hutu sai bayan wata shida. Ƙarshen watan nan zan tafi. Asabar biyu ke nan ina zuwa da maganar a bakina, ina komawa da ita. Na ce in muka sayi abin nan tukuna, kika saba, sai in faɗa."

Kaka ta dubi dogon bayan nan da ƙeyar da ta sha aske wa gashi. Ta ƙirga a ranta, saura Asabar uku. Abin ya soke ta ƙwarai, har ta ji idonta ya yi zafi. Ashe duk kwanakin da ta yi tana yaƙi da tekun nan, igiyar da yaron ke ƙoƙarin miƙo mata ce take sara. Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi, ta daɗe tana gogewa, sannan ta mayar.

"Madatsar ruwa," ta ce. "Kai. Ruwa. Wane maƙiyinka ne ya sa hannu a takardar?"

"Kaka..."

"Juyo, ka ishe ni da ƙeya. Wai tsibiri nawa ka ce?"

Ya juyo. "Shida."

"Shida cur? A wannan kuɗin? Ai kyauta suka bayar. Wane shashasha ne ya ce ba shi da kyau?"

"Wani Matashi."

"Yaro ne, me ya sani?"

"Da Wani Matashi Daban."

"Abokin banza ya ja shi. Saya."

"Launin ruwan fa? Mai ƙara bai gamsu ba."

"Mai ƙara ya janye ƙara. Saya, na ce, kafin su farga su ƙara kuɗi. Kuma ni ce 'yan fashi."

"An ce fa duk wanda ya ɗauke su ya ci kafin a fara."

"To da me ka zaci na zaɓe su, don kyan hula?"

Aka saya. Kafin abin ya gama sauka rana ta take, Dogo ya gyara mata famfon kicin da ke ɗiga, ita kuma tana bin sa da bayanin yadda ake riƙe sifana. Da aka gama ya ce sai an gwada, don kada ya je can ya tarar ba ya aiki. Ya ɗauki kwamfutarsa ta hannu ya sauka titi, ya shiga motar aikinsu ya zauna. Kaka ta leƙa ta taga ta hango shi, duk tsawon nan nasa ya koma ɗan mitsitsi a bayan gilashi.

Ta dawo ta zauna. Shuɗin ruwa ya cika fuskar kwamfutar, ga ɗan jirginsa can yana lilo a bakin gaɓa. Sai murya ta fito.

"Uwargida, kina ji na?"

Tana jin sa sarai, har da numfashinsa. Abin yana aiki. Ta ji sanyi a ranta, ta kuma ji wani ɗaci, don ta ga haka ɗakin zai kasance ke nan, murya tana nan, mai muryar ba ya nan.

"Ina jin ka. Murya dai kamar ƙofar da ta shekara ba mai."

"Alhamdu lillahi. To ina wuni? Ya gida, ya ƙarfin ji... Kaka! Kaka, mene ne haka? Ko gaisawa ba mu gama ba kin nutsar min da jirgi!"

Kaka ta tuntsire da dariya har tabarau ya zamo mata kan hanci.

"Kai, tekun nan ya yi! Na yarda, miji, ka ci gardama. Ka rubuta ka ajiye, don ba za ka ƙara ci ba. Yanzu rufe abin nan ka hawo."

"Ai ba mu gama gwaji ba."

"Shekara biyu gare mu na gwaji. Ni Asabar uku gare ni. Hawo."