Rasuwar Sarkin Surutu, Injin Wasa Wuƙa na Gidan Malam Umara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ta cika har ta daina jin nauyin abin da ke cikinta, ni Rilwanu Umara, malamin lissafi a wata sakandare a nan Haɗejiya, ina sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar injina na wasa wuƙa mai bel, wanda aka fi sani da Sarkin Surutu. Ya rasu ranar wata Talata dab da la'asar, cikin ambaliyar bana, a ƙofar ɗakin mahaifiyata Iya Gumsu, yana bakin aiki. Aikin da ya rasu a kansa ba nasa ba ne.

An jinkirta wannan sanarwa saboda kunya. Mutane sun rasa gidaje da gonakin shinkafa, bai kamata a ji wani yana makokin ƙarfe ba. Ban da haka, na yi ta jira in ji zafin rashin kafin in rubuta, har yau bai zo ba, sai na ga gara in rubuta haka nan.

Marigayi ba ɗan masu hali ba ne. Lokacin da sha'awar ƙera wuƙaƙe ta kama ni, da magagari na fara, ina goga guntun sifirin mota duk Asabar har tafin hannuna ya yi kanta. Na duba injunan ƙasashen waje a waya, na ga farashinsu, na kashe wayar na je na sha ruwa. Na je Kano na ga ƙanana masu sauƙin kuɗi, amma bel ɗinsu siriri ne, in ya tsinke sai an yi oda, kuma duk da wutar lantarki suke aiki, alhali a unguwarmu wuta leƙowa kawai take ta gaishe mu ta wuce. Sai na dawo gida na sami Tasi'u mai walda, na ce masa ina son inji wanda ba ruwansa da lantarki, wanda za a sami bel ɗin sanfefarsa a kasuwa, wanda kuma duk makanikin da ya iya gyaran injin ban ruwa zai iya duba shi in ya yi ciwo.

Tasi'u ya haɗa gangar jikinsa da ƙarafan wani tsohon gado, ya yi masa tayoyi da boris ɗin babur. Zuciyarsa kuwa injin ban ruwa ne na hannu, wanda na saya a Auyo wajen wani manomi mai suna Ya'u, bayan ya sha noman rani har fentinsa ya koɗe. Ya'u ya haɗa min da kan famfon da mesarsa a matsayin gyara. Na jefa su bayan zaure na manta da su.

Marigayi mai haƙuri ne da ƙarfe, marar haƙuri da kunnen jama'a. Ba ya tashi a ja na farko. Sai an ja igiya an sake ja, ya ce "tuf", ya yi shiru kamar yana shawara, ya sake cewa "tuf-tuf", sannan ya saki murya, "garrrr", kajin gida su watse. In ƙarfe ya taɓa bel sai ya koma "tsiiii", tartsatsi na zuba a ƙasa. A hannunsa wuƙaƙen masu feɗe kifi na bakin gada suka ga gata. Ya wasa laujen masu yankan ciyawar kacala ba tare da ya karɓi ko sisi ba, kuma duk jajiberin Babbar Salla layi ake yi masa tun daga zaure. Yana da nasa aibin, Allah ya sani. Yana shan fetur ba kunya, yana hayaƙi, kuma ya taɓa cinye min fatar babban yatsa bai nuna nadama ba.

Iya ce ta raɗa masa suna. Duk Asabar takan shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta, ta zauna tana mita cewa wannan abu zai kurmantar da ita kafin ajalinta, amma ban taɓa ganin ta tashi ta shige ciki ba. A gabanta nake buɗe murfin baƙin mai in duba kafin in tayar da shi, ina korar yara ina cewa, "Ku matsa! Yashi kaɗan ya faɗa ramin nan, shi ke nan, sai dai wani ba shi ba." Ita kuma ta ce, "To, mun ji, likita."

Iya na fama da sanyin ƙashi, ruwan sanyi na wahalar da ita, saboda haka takan yi taimama. Tana da ƙoƙonta na yashi a kan gado wajen matashi. Ni nake ɗebo mata shi daga bakin kogi da rani, in tankaɗe shi da rariya.

Akwai wanda bai taɓa ganin girman marigayi ba, wato yayana Abdulganiyyu, mai sayar da hatsi a Birniwa. Shi a wurinsa, magidanci mai furfura a gemu da ke ɓata Asabar wajen goga ƙarfe yana bukatar addu'a.

Ciwon ajalin ya fara ne da cikar kogi. Maza sun yi ta cika buhuna da ƙasa suna ɗorawa a jingar da ke tare kogin, amma ruwa ya biyo magudanai ya shigo unguwarmu ta baya. Tsakar gidanmu ya cika har ƙwauri. Ɗakin Iya na ƙasa ne, mahaifinmu ya gina shi da hannunsa, a ciki ta haife mu, a bayansa aka binne cibiyoyinmu. Da na ga ruwa na lasar gindin bangon, sai na tuna da gyaran Ya'u. Muka kwance zuciyar marigayi daga gangar jikinsa ni da Tasi'u, muka mayar mata da kan famfo, muka ɗora a kan tebur a ƙofar ɗakin Iya, muka jefa bakin mesa bayan katanga.

A ranar Yaya ya iso da kwale-kwale don ya kwashe mu. Maƙwabta na tsaye da ƙullin kayansu a ka. Ni kuma na buɗe baki a gabansu na ce injina zai busar da gidan nan kafin magariba.

Yaya ya yi dariya. Ya leƙa ɗaki ya ce, "Iya, ki tashi mu tafi. Wannan abin wasan ne zai tare kogi?"

Iya ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne. Ta ce, "Kai Babba, kwashi matan da yara ku tafi. Auta ya ce injinsa zai iya. Wallahi muddin abin nan yana da rai, ƙafata ba za ta bar ɗakin nan ba."

Kowa ya ji. Ta yi ne don kada a yi min dariya a gaban mutane, na sani, ita ma ta san na sani. Yaya ya roƙe ta har muryarsa ta dushe, daga bisani ya tafi da matata Shamsiyya da yaran. Gidan ya rage daga ni sai Iya sai marigayi.

Ina shaida cewa marigayi ya yi aiki tsakaninsa da Allah. Yana zuƙe ruwa yana watsawa bayan katanga, ruwan yana zagayowa ta ƙarƙashin katangar yana dawowa. Duk wanda aka haifa a fadama ya san haka ake yi, ni ma na sani, amma na ci gaba da zuba masa fetur. Bangon ɗakin Iya ya tsage ta gabas. Da farko tsinke ne ke shiga tsagar, daga baya yatsa, daga baya ana hango haske. Na ɗora gadonta a kan bulo, tana zaune a kai da carbinta tana kallona ta ƙofa.

Limamin unguwa ya zo a kwale-kwale ya gaya mata rantsuwa irin wannan ana warware ta, a ciyar da miskinai, Allah ba ya son mutum ya halaka kansa. Ta ce, "Malam, na gode. Na tsufa ban taɓa janye wallahina ba, ba zan koya yanzu ba." Na yi tunanin in kashe injin in ce mata ya mutu. Amma tun ina yaro ban taɓa yi wa Iya ƙarya ta kwana ba, kuma na san za ta ce in ja igiya a gabanta. In lalata shi da hannuna kuwa, na tsaya a kansa da sifana fiye da sau ɗaya, na kasa.

Ƙafafuna suka yi fari saboda tsayuwa a ruwa, tsakanin yatsu ya tsattsage yana wari. Zazzaɓi ya shige ni. Na roƙe ta in goya ta mu fita, ta ce in kula da aikina. Ni ba zan tafi in bar ta ba, ita ba za ta tashi ba, bango kuma yana ta buɗewa.

Ranar Talatar fetur ya ƙare da hantsi. Ita da kanta ta ce, "Je ka nemo masa abincinsa." Na sami mai kwale-kwale ya kai ni tudu, ban dawo ba sai bayan azahar. Na tarar da ita zaune a bakin gado da mayafinta, gefen zaninta a jiƙe. Ban kawo komai a raina ba, komai na gidan a jiƙe yake.

Na zuba fetur na ja igiya. A ja na farko ya tashi, abin da bai taɓa yi ba. Ya yi ta "garrrr" kamar kullum, ruwa na fita ta mesa. Can sai muryar ta sauya, ta koma "ƙar-ƙar-ƙar", kamar ana tauna tsakuwa. Ya yi "ƙiiii" mai tsawo, ya yi "tak" sau ɗaya. Daga nan sai ƙarar ruwa kawai.

Iya ta ce, "Ya mutu?"

Na ce, "Ya mutu, Iya."

"Ja in gani."

Na ja igiya, ta ƙi motsi. Na sa ƙafa na dafe tebur na ja da hannu biyu, ko gezau.

Ta ce, "To. Allah ya ba ka haƙuri, Auta. Miƙo min sandata."

Ƙullin kayanta a ɗaure yake a bayanta, ban san lokacin da ta ɗaure shi ba. Na goya ta har bakin zaure, muka shiga kwale-kwale. Ba ta waiwayi ɗakin ba. Washegari kafin azahar bangon gabas ya faɗi a kan gadon, rufin ya biyo shi. Wani maƙwabcinmu da ya rage a saman soronsa ne ya gani. Da aka gaya min, na ce to, na ci gaba da shafa magani a ƙafata.

Bayan ruwa ya janye, na kai gawar wajen Tasi'u don a san musabbabin rasuwa. Ya kwance shi, ya tsiyaye baƙin man a tasa, ya murza tsakanin yatsunsa. Sannan ya ce, "Malam, wannan ba lakar ambaliya ba ce. Yashi ne tankaɗaɗɗe. Da hannu aka zuba shi, aka mayar da murfi aka ɗaure." Ya nuna min yadda ya cinye ringi da fistan, ya ce ba mai tashi ba ne.

A gidan nan, a wancan makon, komai laka ne. Busasshen yashi wuri ɗaya yake, kuma ni na tankaɗe shi. Na ce wa Tasi'u ya rufe. Ban yi kuka ba, ban yi fushi ba. Na tsaya a hanya na sayi ƙosai na ci, ban ji ɗanɗanonsa ba.

Marigayi ya rasu ya bar gangar jikinsa a zaure, tsatsa ta fara cin ta. Ya bar bel ɗin sanfefa sababbi da ruwa ya kumbura, da mesa wadda ba ta san an yi rashi ba. Ya bar wata 'yar wuƙa da ba a gama ba, gefe ɗaya a wase, ɗaya gefen baƙi, wadda Iya ta ce in yi mata don yankan kuɓewa. Ya bar masu kifi da suka koma goga wuƙa a kan dutse. Ya bar Yaya Abdulganiyyu, wanda tun ranar bai sake tsokanata ba, kuma shirun nasa ya fi dariyar nauyi. Ya bar ni, ƙafafuna sun warke. Ya bar Iya Gumsu da ranta, tana Birniwa a ɗakin siminti, tana mitar cewa gidan ya yi shiru da yawa.

Game da jana'iza, Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, mun kuma karɓa. Ranar Juma'a mai zuwa bayan an sauko daga masallaci, ɗan gwangwan zai zo da baro ya ɗauke shi daga shagon Tasi'u. Za a ɗora shi a sikeli kamar yadda aka saba, ni dai ba zan tsaya a wurin ba. 'Yar wuƙar ba ta cikin kayan da za a ɗauka, zan ƙarasa ta da magagari ko zai kai ni rani.

Za a karɓi gaisuwa ranar Asabar a Birniwa, gidan Yaya. Iya ce za ta zauna a kan tabarma, ita ta nemi hakan. Duk wanda ya yi mata ta'aziyya cewa take, "Ai ya yi ƙoƙari, bawan Allah." Ni da ita ba mu taɓa yin maganar ba, kuma ana roƙon masu zuwa da su gaisa, su sha ruwa, su bar ta a haka.

Ba a bukatar gudummawar komai. Sai dai wanda zai taso daga Haɗejiya, in ya bi ta bakin kogi inda ya fara bushewa, ya taimaka ya ɗebo yashi mai tsabta ko cikin leda ne, ni zan tankaɗe. Iya ta aiko cewa na ƙoƙonta ya ƙare. Ban tambaye ta inda ya tafi ba.