Ciwon Kan da Na Kai Sinnar

Ranar da zan manta da tafiyata Sinnar, to hankalina ya bar jikina. Har yau idan na tuna raina ɓaci yake yi, kuma ba kowa nake jin haushi ba sai kaina.

Sati uku ina fama da zafi a gabana. Fitsari ya zame mini aikin dole, ina yi ina cije leɓe, ƙarshensa kuma ɗigon jini. Ban gaya wa kowa ba, har Maryama matata. Tsorona kar a ce ciwon sanyi na kwaso a waje, ni da ban taɓa kallon matar kowa ba. Sai na riƙa ƙaurace mata, ita kuma ta daina yi mini dariya.

Akwai asibiti a Hajj Abdalla, kusa da ƙauyenmu, amma a can kowa ya san kowa. Don haka na hau mota har Sinnar (wai ni mai dabara). Ina zama a layin mustashfa, wato babban asibitin garin, wa zan gani a gefena? Surukina, mahaifin Maryama, mutumin da ko ruwa ba na sha a gabansa.

"Mi ya kawo ka mustashfa?" in ji shi.

"Ciwon kai ne, Baba."

"Tayyib. Diktor ɗin nan na san shi, mu shiga tare."

Wa ya roƙe shi? Haka ya ja ni ciki, ya zauna, ya ma riga ni bayani. Likita ya haska idona, ya auna jinina, ya ɗauki biro zai rubuta mini maganin ciwon kai. Na ga tafiyar za ta tashi a banza, gobe kuma wutar tana nan. Kaina a ƙasa na ce, "Diktor, ba a sama yake ba."

Likitan nan bai san rage murya ba. Ya shiga jero wa ɗakin: ko ciwon mafitsara, ko tsakuwa ce ke saukowa daga ƙoda, ko kumburi, ko ciwon da ake ɗauka wajen saduwa. Da ya zo kan na ƙarshen, Baba ya daina jan carbi. Wallahi na so ƙasa ta tsage.

Aka karɓi fitsarina. Awa biyu muka jira sakamako a benci ɗaya, ni da Baba. Takarda ta fito: tsargiya ce, bilharziya, daga ruwan tur'a, magudanar noman rani, da nake tsayawa ciki ina ba gona ruwa.

Baba ya dube ni. "Hatsabibi! Ba kai ne da aka raba ƙwayar tsargiya kyauta a gari ka ce maganin yara ne ba?"

Ni ne. Da bakina, a ƙofar masallaci.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Maryama ta miƙo mini ruwa da ƙwayoyin, ta ce, "Malam, sati uku ina kuka, ina zaton kana da wata. Ashe tsutsa ce."

Abin da na koya ke nan: ciwon da na ɓoye wa mace ɗaya a ɗaki, sai da na faɗe shi a gaban ubanta. Yanzu in an zo rabon ƙwaya, ni ne na farko a layi, gaban yara.