Ƙwaryar Uwata a Bakin Mage

Ba zan taɓa mantawa ba da abin da cika baki ya ja min a Dubai, shekarar da na je wa 'yata Rabi wankan jego. Ita da mijinta suna hawa na tara a unguwar Al Rigga. Ni da na saba tsakar gida, sai ga ni a akurki. In leƙa taga, in zauna, in tashi, in sake leƙawa.

Maƙwabciyarmu wata tsohuwar Ba'indiya ce, Lalita, mai addinin Hindu. Kullum da safe sai ta durƙusa a ƙofarta ta zana furanni da garin shinkafa, kyau kamar zanen lalle. Kafin hantsi mutane sun tattake. Ko a jikinta. Gobe ta sake.

Na ce, "Rabi, tambayar min ita, ba ta jin haushi?"

Suka yi Turancinsu. Rabi ta ce, "Inna, wai koyon sakin duniya take. A addininsu ka yi aikinka da kyau, amma kada zuciyarka ta maƙale a kai. Har abin da take so takan bayar, don ta ga ko ranta zai bi shi."

(Ni ban yi boko ba, amma kaf unguwarmu ba a taɓa kayar da ni a magana ba.)

Na ce, "Shi ke nan? Gaya mata ni na saki duniya tun kafin ta yi haƙori." Na shiga ɗaki na ɗauko ƙwaryar furar da uwata ta bar min, mai ɗinki biyu a baki, wadda na rungumo a cinya tun daga Katsina. Na miƙa wa Lalita.

Rabi ta ce, "Inna, kin tabbata?"

"Ƙwarya ce fa. Khalas!" (Wato magana ta ƙare, yadda Larabawan can ke cewa.)

To jama'a, kwana uku abinci bai shiga ba. In dama fura a roba in ji kamar ruwan wanki. In fita baranda, in dawo. In wuce ƙofar Lalita ina wani tari, ko za ta buɗe in hango. Har jaririn na goya ta kai, sai da Rabi ta ƙwace shi.

Rana ta huɗu muka sauko za mu asibiti. A bakin ƙofar gidan me zan gani? Ƙwaryar uwata a ƙasa, magen titi ta zura kai tana lasar madara! Ashe Lalita ta ga ƙwaryar ta fara shiga ranta, ta ba mai gadi, shi kuma ya ba mage.

Ban san sanda na kurma ihu ba. "Uwata! Ƙwaryar uwata!" Na yi tsalle da wannan gwiwar tawa, na fizge, madara ta wanke min mayafi, mage ta yakushe ni, na zauna daɓas a ƙasa ina rungume da abata. Masu zuwa jirgin ƙasa suka tsaya kallo.

Na ɗaga kai, ga Lalita da kwandon cefane. Ba ta yi dariya ba (da ta yi ma da ya fi min sauƙi). Ta miƙo hannu ta tashe ni, ta ce a hankali, "Mama, khalas?"

Rabi kuwa har da hawaye don dariya.

Ƙwaryar tana nan a ɗakina, na wanke ta sau bakwai. Yanzu in na ji ana hirar gudun duniya, sai in ja bakina in yi shiru. Wadda ta yi kokawa da mage a kan ƙwarya, ina ita ina wa'azi?