Littafin Sallau Mai Zane

Wani mutum ne a Funtuwa, Sallau Mai Zane. In dai zane ne, a bar masa. Allon shagon aski, zakin da ke bayan babbar mota, hoton ango da amarya, duk aikin hannunsa ne. Har bangon littattafan marubutan garin shi yake zanawa. Hannu kam Allah ya ba shi. Bakin ne matsala. Bakin Sallau ya fi ƙofar shagonsa faɗi.

Kuma yana da wata ɗabi'a. Ka kawo masa littafinka ka ce ya karanta kafin ya zana bango, sai ya ɗora shi a tafin hannu yana jinjinawa kamar mai tayin kaza.

"Mene ne sunansa?"

Ka faɗa.

"Ya isa. Dawo jibi."

Ko shafi ɗaya ba zai buɗe ba. Wai baƙaƙe suna ɓata wa mai zane ido.

Ran nan Hajiya Kubura, shugabar ƙungiyar marubutan garin, ta zo karɓar bangon sabon littafinta. Dattijuwa ce mai sanyin magana, amma maganar tata kamar allura. Ta duba zanen, ta juya shi, ta sake dubawa.

"Sallau, ina ka ga mota a littafina? Labarin manoma ne fa."

"Hajiya, mota ce ke sayar da littafi. Ku bar ganin kuna cika takardu. Mutum bango yake gani ya sa hannu a aljihu. Rubutu kuma mene ne? Baƙi ne a jere kamar tururuwa. Ni da ina da lokaci, da tuni na kore ku daga kasuwa."

"Ashe haka yake da sauƙi?"

"Kamar shan ruwa!"

"To, ba girin-girin ba, ta yi mai. Asabar ɗin ƙarshen wata muna da zaman karatu. Kawo naka. In ya yi, mu ba ka kujera cikin marubuta. In bai yi ba, ka riƙe burushinka, ka riƙe bakinka."

Sallau ya buga ƙirji, tim! "A tanadi kujerar. Mai hannu nake so."

Abin da ya fara yi shi ne bango. Ya zana wani ƙato da baƙin tabarau, bindiga a kowane hannu. Bayansa tankar mai tana ci da wuta, ga damisa ta yi tsalle ta saman hayaƙin. Ya rangaɗa suna da jan fenti: Damisar Tasha. Ƙasa kuma sunansa, da baƙaƙen da suka fi damisar girma. Ya rataye a ƙofar shago. Ya sayi jakar rataya da biro uku da tabarau wanda ba na magani ba. A teburin mai shayi kuwa ba a ƙara shan shayi cikin kwanciyar hankali ba.

"Ku daina ce mini mai zane. Marubuci nake. Wannan littafin in ya fito, wasu sai sun koma sayar da goro."

Sai aka zo wajen rubutu. Nan gizo yake saƙa.

Ya zauna da safe, ya buɗe littafin rubutu, ya rubuta: "Wata rana." Sai ga direba yana son a zana masa dawisu a bayan mota. Washegari ya ƙara: "da safe." Sai ga mai sayar da magani yana son allo. In ya dawo gida, 'yarsa Walida ta hau wuyansa, jaririn goye yana tsala kuka, ga cefane yana jira. Ranar da ya sami sarari kuma, ya tasa takarda gaba ya zura mata ido, ita ma ta zura masa. Biro ya ƙi tafiya gaba, sai gefe. Kafin ya farga ya zana damisa a gefen shafin. Mako biyu cur, abin da Sallau ya mallaka shi ne "Wata rana da safe" da damisa goma sha ɗaya.

Da ya ga uwar bari, sai ya tuna da matarsa.

Hansatu mace ce mai shiru. Ba ta yi nisa a makaranta ba, amma ko takardar da aka ƙunso ƙosai ce sai ta warware ta karance kafin ta jefar. Littattafan da ake kawo wa mijinta, waɗanda ba ya buɗewa, ita take karanta su in yara sun yi barcin rana. Wani lokaci ta gama ta rufe, ta daɗe tana kallon bango tana murmushi ita kaɗai.

Ya shigo ya ajiye mata zanen a gaba, da littattafan rubutu uku.

"Maman Walida, na gama mai wuyar. Ga labari nan a zane. Ke dai cike ciki kawai."

Ta dubi ƙaton, ta dubi damisar. "Baban Walida, ni fa ban taɓa ganin damisa ba."

"Ni na taɓa gani ne?"

"Bindiga ma ban san ta inda ake riƙe ta ba. In zan rubuta, sai dai abin da na sani."

"Rubuta ko mene ne! Baƙi dai ya cika takarda. Amma kada ki kuskura kowa ya ji."

Ta ce to.

Kullum bayan azahar, in ta kwantar da jariri, sai ta zauna a gindin turmi ta ɗora littafi a cinya. Ashe maganar da ta daɗe tana haɗiyewa hanya take nema. Cikin kwana goma sha biyu ta cike littattafan nan uku, har ta shiga bayan bango. Kuma a yi mata adalci, sau biyu tana roƙonsa.

"Don Allah ka ɗan duba, ko shafin farko ne. Akwai abin da ya kamata ka gani."

"Ke, ina da allon mai walda a gabana. Ya cika?"

"Ya cika, amma..."

"To mene ne kuma amma? Na san abin da ke ciki. Ba ni na zana ba?"

Ya kwashe ya kai aka buga a kwamfuta, ya manna bangonsa, ya jinjina a tafin hannu. Nauyi ya yi.

Ranar Asabar da la'asar aka taru a wani ajin makarantar firamare, inda ƙungiyar take zamanta. Marubuta maza a gefe, mata a gefe, mu masu son karatu muna baya. Sallau bai zo shi kaɗai ba. Ya gayyato mai shayi da direbobi uku da mai walda, su zo su ga yadda ake karɓar kujera. Hansatu ma ta zo da goyonta, ta raɓe a bencin ƙarshe, kanta a ƙasa.

Al'adar zaman nan ita ce, marubuci ba ya karanta aikinsa da bakinsa. Zai tashi ya faɗi inda ya samo labarin, sa'annan ya zauna wani ya karanta babin farko, jama'a su yi hukunci. Mai karatun kuwa Malam Isuhu ne, malamin makaranta, mai murya kamar ta gidan rediyo.

Sallau ya miƙe, ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya har sau uku.

"Jama'a, ni ba irin marubutan nan ba ne masu zama a ɗaki suna ƙaga ƙarya. Duk abin da za ku ji a littafin nan, a kaina ya faru. Ni ɗin nan. Da jikina na ji shi. Na ga mutuwa ido da ido, na ce mata ba yau ba. Har yanzu akwai tabo a jikina, kunya ce ta hana ni nuna muku."

Direbobi suka ɗauki tafi, raf raf raf! A bencin ƙarshe Hansatu ta ja mayafi ta rufe fuska.

Hajiya Kubura ta ce, "Ka tabbata duk a kanka ya faru?"

"Kowane layi, Hajiya. Wanda ya sami ƙarya a ciki, na ba shi shagona."

"Madalla. Malam Isuhu, bismilla."

Malam Isuhu ya buɗe. Ya kalli shafin, ya kalli Sallau, ya cire tabaransa ya goge ya mayar. Sa'annan ya fara, a hankali, da muryar nan tasa:

"Ranar da naƙuda ta kama ni, ina tsaka da tankaɗe. Na ji bayana ya riƙe kamar an ɗaure shi da igiyar guga ana ja. Na dafa turmi na ce, ya Allah, cikin fari ne, ban san hanya ba, ka nuna mini."

Ajin ya yi tsit. Ko tari babu.

Malam Isuhu ya ci gaba. Yadda zufa ta jiƙa zane, yadda ciwon yake zuwa ya tafi ya dawo da ƙanensa, yadda ta ciji gefen tabarma don kada maƙwabta su ce ba ta da kunya. Wallahi rubutu ne mai shiga jiki. Wata marubuciya a gaba har ta fara share ido. Sai mai shayi ya kasa daurewa.

"Sallau! Ina damisar?"

Dariya ƙyal-ƙyal ta fara daga bayan aji, ta bi benci benci har gaba. Sallau ya miƙe zumbur, zufa tana bin tabarau.

"Ku tsaya! Ku tsaya! Ba ku san salo ba ne. Ai ni... ni ne mijin! Mijin matar nake nufi. Namijin da ya tsaya tsayin daka a ranar. Malam, karanta gaba, za ka zo wurina."

"Ga shi kuwa na zo," in ji Malam Isuhu. Ya juya shafi.

"Mijina da ya ji ƙarata ta farko, sai ya leƙo, ya ce bari ya kira ungozoma. Ya fita da takalmi ƙafa ɗaya. Shiru, shiru. Maƙwabciya ce ta je ta kira ta. Shi kuwa sai bayan na sauka aka gano shi a tasha, ƙarƙashin motar da yake yi wa fenti, ya toshe kunnuwa da tsumman goge burushi. Aka jawo shi gida. Da aka miƙa masa jaririya ya ga cibiya, sai ya yi luuu, ya zube, rim! Ungozoma ta bar ni ta koma kansa. Ruwan randa guda aka ƙarar kafin ya buɗe ido, yana buɗewa ya ce a kira masa innarsa. Ban taɓa gaya wa kowa ba, don mijina ne, kuma a hakan nake sonsa."

Ajin ya fashe. Mai walda ya faɗo daga benci yana riƙe da ciki. Wani direba yana dukan tebur yana cewa, "Motata ce! Wallahi motata ce! Na ce me yake nema a ƙasa, ya ce mini salansar motar yake dubawa!"

"Ƙarya ne!" Sallau ya daka tsawa. "Ba ni ba ne! Wannan mijin ba ni ba ne! Ban san shi ba!"

Hajiya Kubura ta ɗaga hannu, aka yi shiru da ƙyar. Ta karɓi littafin, ta yi ta kallon shafin, sa'annan ta ɗaga kai ta dubi bencin ƙarshe, inda matar Sallau ta rufe fuska.

"Kafin in fara rubutu, shekara talatin na yi ina karɓar haihuwa a asibiti. Ban taɓa jin wanda ya faɗe ta daidai kamar haka ba. 'Yata, taso. Kujerar nan mai hannu, zo ki zauna."

Hansatu ta taso tana tuntuɓe da mayafi, ta zauna a bakin kujerar kamar mai tsoron ta karye. Mata suka rangaɗa guɗa.

Sallau ya fara laluben jakarsa yana satar kallon ƙofa.

"Tsaya, marubuci, ba mu gama ba," in ji Hajiya. "Ka rantse a gaban jama'a duk abin da ke ciki a kanka ya faru, da jikinka ka ji shi. Haka ne?"

Sallau ya sunkuyar da kai.

"Mutum huɗu ne a babin nan da abin ya shafa. Ungozoma, na san ba kai ba ne, don sana'ata ce. Jaririya ba ta rubutu. Miji kuma yanzu ka ce ba ka san shi ba. To saura wa?"

Mai shayi ya yi ihu daga baya: "Mai jego!"

Hajiya Kubura ta haɗa hannu biyu, ta ɗan rusuna masa cikin ladabi.

"Barka da arziki, Malam Sallau. Sannu da sauka lafiya. Maza koma gida a dama maka kunun kanwa, kada iska ta shige ka. Kuma kada mu ƙara ganin ƙafarka a waje sai ka yi arba'in."